Hoto Uku, Ɗinki Ɗaya

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Kai Nafi'u, kife wayar nan a kan tabarma. Labarin waya zan ba ku, kuma ba na so tana kallona ina ba da shi.

A garin su Inna Laure akwai wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, Mudi da Tasi'u. Sana'arsu yasar rijiya. Mudi ne babba, shi ke shiga ciki. Tasi'u ke tsayawa a sama da igiya, yana jawo guga cike da laka yana zubarwa. Shekara goma sha ɗaya suna wannan aiki, igiya ba ta taɓa kuɓuce wa Tasi'u ba. Mutum ne mai amana, ba zan ci haƙƙinsa ba. Aibinsa ɗaya, son a sani. Da ya sayi sabuwar waya, garin bai huta ba. Ko sannu ka yi masa, sai ka sha karatun kyamara.

Wani mai gona da ke zaune a Kano ya sayi fili a Kufan Marke, inda mutane suka tashi tun zamanin kakanni. Babu abin da ya rage a wurin sai bishiyar marke ɗaya da tsohuwar rijiya. Ya ce a yashe masa ita, a turo masa hoto ya ga aiki da idonsa.

Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu. Suka ɗaure igiya a gindin marken, suka ratsa ta kan itacen da ke gicciye a bakin rijiyar, Mudi ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugu ya sauka. Tun hantsi suke aiki har rana ta take tsaka, ta fara karkata. Kun san yadda rijiya take a wannan lokacin. Haske yana bugun bango ɗaya daga sama, tsawon gaba guda, wato buɗin hannu biyu, fari fat har ido ba ya iya kallo. Daga nan zuwa ƙasa baƙi ƙirin.

Tasi'u ya zubar da guga, ya juyo, sai ga tsoho a tsaye.

Bai ji takunsa ba. Fili ne fetal, ko akuya ta taho daga nesa sai ka gan ta. Tsohon yana sanye da malafa mai faɗi, inuwarta ta rufe fuskar gaba ɗaya.

"Sannu da aiki, samari."

"Yauwa Baba, sannu da rana."

Tasi'u ya amsa, amma sai da ya waiga bakin rijiyar. Muryar ba daga ƙarƙashin malafar ta fito ba. Daga ƙasa ta taso, da sanyi da amsa-kuwwa, irin muryar Mudi in yana kiran a ja guga. Ya ce a ransa zafi ne ya taɓa masa kunne. Ya zaro wayarsa.

"Mene ne wannan?" in ji tsohon.

Ai kuwa an taɓo masa inda yake so.

"Waya ce Baba, hoto zan ɗauka. Ka ga haruffan nan uku a sama, H da D da R? Su ne sirrin. Tsohuwar wayata, in ka ɗauki bakin rijiya, ko dai hasken ya fito cikin ya zama baƙi, ko cikin ya fito hasken ya ƙone. Wannan kuwa dannawa ɗaya, hoto uku take ɗauka kafin ka ƙifta ido. Ɗaya na rana, ɗaya na inuwa, ɗaya na tsakani. Sai ta ɗinke su su zama guda. Komai ya fito, ba abin da zai ɓuya."

"Ta ɗinke su."

"Tsaf. Sharaɗin kawai kada abu ya motsa. In ya motsa a tsakanin ukun, sai ta ɗinke shi a inda ba wurinsa ba."

A lokacin ne Tasi'u ya lura da ƙafafun tsohon. A jiƙe suke, baƙar laka har idon sawu, ruwa yana ɗiga. Wata biyar rabon ƙasar nan da ruwan sama. Sawunsa kuma guda huɗu ne kacal a kan yashi, kuma daga bakin rijiyar suka faro.

"Samari, akwai abin da muka yi da kakanninku," muryar ta taso daga ƙasa. "Abin da rana ta taɓa naku ne. Abin da inuwa ta rufe namu ne. Shi ya sa aka yi idon ɗan Adam ba ya ganin biyun a lokaci ɗaya. Ɗan'uwanka baƙo ne a ƙasa, ba a taɓa shi ba. Ku gama ku tafi. Mayar da abin nan aljihu."

Ni abin da ke ba ni haushi ke nan har yau. Ya ji muryar, ya ga sawun, gabansa ya faɗi. Amma ya riga ya cika baki, kuma Tasi'u gara ya mutu da a ce tsoho ya tsorata shi. Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya leƙa rijiyar.

"Yaya, ɗago kai."

Ya danna.

Hoton ya fito da kyau, wallahi ya fito da kyau. Ga bakin rijiya, kowane tsakuwa a bayyane. Ga Mudi can ƙasa ya ɗago fuska duk laka yana murmushi. Ga kuma bangon rijiyar, wanda suka ɗauka bango ne kawai. Ƙofofi ne ƙanana, jere, zagaye da shi. A kowace ƙofa akwai mai zama, sun tanƙwashe ƙafa suna kallon Mudi yana aiki. Wata budurwa a cikinsu ta miƙo hannu za ta taɓa hannunsa, irin taɓawar son ganin ƙwaf. Tana cikin miƙowa aka danna. Wayar ta ga hannunta a nan, ta gan shi a can, sai ta haɗa. Daga gwiwar hannun Mudi na hagu zuwa ƙasa, nasa da nata sun zama hannu ɗaya.

Sai ihu ya taso daga rijiyar, murya biyu a tare.

Igiyar ta miƙe ta yi ƙara. Tasi'u ya ji jikin ɗan'uwansa ya bugu da bango, ya sake buguwa da ɗaya bangon. Ita tana fizga za ta koma ƙofarta, shi yana fizga zai hau, kowa na jan naman ɗan'uwansa. Ya ji wani abu ya ɓalle, irin ƙarar ɗanyen reshe.

"Tasi'u, ja ni. Tana cire min hannu. Ja ni."

Tasi'u ya kai yatsa zai goge hoton. Bai ga lokacin da tsohon ya matso ba. Hannu mai sanyi ya kama ɗan yatsan, ya lanƙwasa shi baya har ya karye. Tasi'u ya durƙusa, wayar ta faɗi a kan itacen, gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. A ƙasa Mudi ya yi wata irin ƙara. A cikin hoton, daidai inda tsagin ya ratsa goshinsa, jini ya fara fitowa.

"In ka goge, ka goge su tare," in ji tsohon. "In ka fasa, ka fasa su tare. 'Yata ce. Warware abin da ka ɗinka."

"Ba ta ajiye ukun, Baba. Guda ɗayan take bari. Don Allah, ban san yadda ake warwarewa ba."

"To ka zauna ka saurara. Inuwa na hawowa. In ta cika bakin rijiyar, ya zama namu duka."

Tasi'u ya duba. Gaskiya ne. Farin da ke bangon ya ragu, bai kai gaba ba yanzu. Rana na karkata, baƙin na cin farin a hankali. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, rabi ma a juye. A cikin wannan ruɗewar ne dabara ta faɗo masa. Ya ɗauki wayar da hannu mai karyayyen yatsa, ya taɓa haruffan nan uku, suka mutu.

"In na ɗauka sau ɗaya, irin na da? Na rana kawai?"

"Abin da ya fito naka ne. Abin da bai fito ba namu ne."

Ya cije wayar a haƙora. Ya dafe ƙafa biyu a jikin itacen, ya kama igiyar ya ja.

Mudi ba shi da nauyi, shekara goma sha ɗaya yana ɗaga shi. Wannan karon kamar an ɗaura masa bijimin sa. Ya ja kamu ɗaya, ya naɗe a ƙugu. Aka fizge daga ƙasa, igiyar ta zare ta tafi da fatar tafin hannunsa. Ya sake kamawa da ɗanyen nama. Ya ja. Jini ya jiƙa igiyar har tana santsi, ya naɗa ta a damtse ya ci gaba. Haƙarƙarinsa na ƙara, numfashinsa na fita ta gefen wayar. Tsohon yana tsaye a kansa, bai taimaka ba, bai hana ba.

Kan Mudi ya shigo haske, fuskar rabi jini rabi laka, ido a juye. Kafaɗa ta shigo. Ƙirji ya shigo. Mudi ya kai hannun dama ya rungumi itacen, ya jawo gwiwoyinsa sama, ya naɗe jikinsa a ɗan farin da ya rage kamar jariri. Hannun hagun ne kawai ya ƙi. Yana miƙe zuwa ƙasa, a cikin baƙin, ana jan sa. Layin inuwar yana daidai gwiwar hannun.

A inda igiyar ke gogar itacen, zare ɗaya ya tsinke. Na biyu ya bi shi.

Tasi'u ya ja da duk abin da ya rage masa. Hannun ya fito da faɗin yatsa biyu, inuwar ta hau da faɗin yatsa biyu. Zare na uku ya fara buɗewa.

Ya saki hannu ɗaya, ya zare wayar daga baki. Mudi ya ɗago ya gan shi, ya gane.

"Tasi'u, kada. Ƙara ja kaɗan."

Ya danna.

Nauyin ya tafi a take. Tasi'u ya faɗi da baya, Mudi ya biyo igiyar ya faɗo kansa. Ihun ƙasa ya tsaya cak. Hannun hagun Mudi ya ƙare a gwiwa, yanka ɗaya, sumul, yadda layin inuwar yake. Sai da aka yi numfashi biyu kafin jinin ya tuna ya fara tsartuwa. Tasi'u ya yage rigarsa ya ɗaure damtsen da haƙori da hannu ɗaya, yana kuka yana kiran sunan ɗan'uwansa. Da ya ɗago, babu tsoho. Ya saɓa Mudi a kafaɗa ya yi ta tafiya cikin rana har bakin titi, bai yarda ko inuwar bishiya ta taɓa su ba.

Mudi ya rayu. A asibiti suka yi ta tambaya wane inji ne ya yi wannan yankan. Wayar kuwa tana nan, ba a goge ba, ba a fasa ba. Tasi'u ya naɗe ta a auduga ya sa a akwati, yana lallaɓa ta kamar ƙwai, don har gobe goshin yayansa na cikinta.

Mudi bai taɓa ce masa me ya sa ba. Da ma ya zage shi, da ya fi sauƙi. Tasi'u ke noma masa, shi ke ɗaura masa mazagi, kuma kullum yana lissafa zaren nan na uku a ransa, yana tambayar kansa ko da ya jure ƙarin ja ɗaya.

Bara da na je gaishe da Inna Laure na same su a zaure da azahar. Mudi yana zaune, ya zuba wa iskar da ke ƙasan guntun hannunsa ido, yana ɗan murmushi. Tasi'u ya ce, "Yaya, ciwo yake yi?"

"A'a. Sanyi dai, kamar kullum."

"To mene ne?"

"Tana kula da shi, ka daina damuwa. Yanzu haka farce take yanke min."

Tasi'u ya tashi ya fita, na ji shi yana amai a bayan katanga.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Rijiya, ko rumbu, ko ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, in kun je da tsakar rana kada ku je ku kaɗai, ku yi sallama, ku bar waya a aljihu. Abin da idonku ya kasa gani, ba ku aka ajiye wa shi ba. Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta.