Tambaya ta Tara a Fom ɗin Yaya

Auta yarinya ce mai yawan tunani. Ko shara take yi, sai ka ga ta tsaya da tsintsiya a hannu, hankalinta ya tafi wata duniya.

A kwanakin nan tunaninta ɗaya ne. Yayanta zai shiga makarantar koyon sana'a, ya koyi aikin wutar lantarki. Tana hango shi can saman tsani, sanye da hular kwano mai ruwan ɗorawa. Gajimare na wucewa ta gefen kafaɗarsa. Ita kuma tana ƙasa, tana ce wa masu wucewa, "Yayana ne."

"Auta, shara kike yi ko kallon sama?" in ji Mama.

"Shara nake yi, Mama."

"To, tsintsiyar dai ba ta san da zancen ba."

Ranar Litinin da safe, Yaya ya cike fom ɗin makarantar da fensir. Ya miƙa wa Auta.

"Rubutunki ya fi nawa kyau. Ki bi kai da biro, sai ki miƙa musu, tunda hanyarki ce."

Auta ta zauna tana bi layi-layi, har ta zo tambaya ta tara: "Kotu ta taɓa samun ka da laifi?" Yaya ya rubuta, "E."

Shekara uku da suka wuce, Yaya ya ɗauki babur ɗin maƙwabcinsu ba da izini ba, ya faɗa kwata da shi. Alƙali ya sa shi sharar titi na wata biyu. Tun daga lokacin bai sake taɓa kayan kowa ba.

"In suka ga wannan, ba za su ɗauke shi ba," ta faɗa a ranta. Ta goge amsar, ta rubuta, "A'a."

Bayan mako guda aka kira Yaya ganawa. Auta ta raka shi. Ofishin ƙarami ne, fanka na juyawa a hankali. Malamar da ke karɓar sababbin ɗalibai ta ba su kujeru.

"Akwai abin da nake gaya wa kowa kafin ya fara karatu," in ji ta. "Mu koyarwa muke yi. Lasisin aiki kuwa, wata hukuma ce ke bayarwa. Tana duba ko mutum ya taɓa yin laifi. Wani laifin yana hana lasisi, wani ba ya hanawa. Ba na so ɗalibi ya yi shekara biyu yana karatu, sannan a ce masa ba zai yi aikin ba."

"Shi ya sa na rubuta maganar kotun, Malama," in ji Yaya.

Malama ta gyara tabarau. "A nan kam a'a aka rubuta."

Yaya ya juyo a hankali. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ni ce," ta faɗa cikin kuka. "Tsoro na ji kada a ƙi shi."

Malama ta miƙa mata hankici. "Na san don kina son sa ne. Amma da hukumar ta ga wannan amsa, sai ta ce ya yi ƙarya. Wannan ƙaryar za ta fi cutar da shi fiye da tsohon laifin."

Ta ce dole a soke fom ɗin. Ajin farko kuma ya wuce Yaya, sai bayan wata uku. Ta nuna masa yadda zai rubuta wa hukumar wasiƙa, ya faɗi abin da ya faru, ya tambaya ko zai iya samun lasisi.

Suka kama hanyar gida. Sai da suka iso ƙofar gida Auta ta kama hannunsa.

"Ka yafe mini, Yaya."

"Na yafe. Amma laifina nawa ne, ƙanwata. Ba na ɓoye shi."

Bayan Yaya ya aika ta, kullum Auta na tunanin wasiƙar. Tana ganin ta cikin jakar wani mai keke, tana tsallake gada, tana hawa bene, tana jiran a buɗe ta a kan wani babban tebur.

Wata ranar Laraba amsa ta zo. Mama ta tsaya da wanki, kumfa a hannu, Yaya ya karanta da ƙarfi. Laifin ya daɗe, kuma bai sake yin wani ba. In ya ci jarrabawa, za a ba shi lasisi.

Auta ta yi tsalle har ta ture bokitin wanki. Kowa ya fashe da dariya.

Daga ranar ta gane cewa ɓoye gaskiya ba taimako ba ne. Mai son koyon sana'a ya faɗi gaskiya, ya kuma tambayi sharuɗɗan lasisi tun kafin ya fara.