Sakin da Malam Bai San Ya Yi Ba

Hanatu na durƙushe a tsakar gida tana wanke wa mijinta ƙafa, shi kuwa Malam Abdulsalami yana zaune a kan buzu yana tsinke zaren bakin rigarsa. Shekaru ke nan da ruɗewar tsufa ta kama shi. Da fari hanyar gonarsa ce ta ɓace masa, sannan ta masallaci, daga baya har sunayen mutanen gidansa. Mutumin da duk Furfuri ke zuwa wurinsa neman shawara, yau sai an tuna masa ya haɗiye lomar da ke bakinsa.

Auren so suka yi. Tana budurwa a Karakkai ta ƙi samarin garinsu kaf, ta ce ita sai wannan manomin da matarsa ta rasu ta bar masa yaro. Ita ta goya yaron, Jibril, har ya girma ya tafi Gusau yana awon auduga. Allah bai ba ta haihuwa ba, Malam kuma ya ƙi ƙara aure duk da surutun dangi. Wannan ne laifin da ƙanwarsa, Gwaggo Saude ta Tsafe, ba ta taɓa yafe mata ba.

Suna nan sai ga sallama. Jibril ne da Gwaggo Saude, da hayaniyarsu da jakunansu. Malam ya firgita, ya hau dube-dube. Hanatu ta kama hannunsa za ta tashe shi, ya fizge.

"Ke wace ce? Wa ya ce ki taɓa ni? Hita min gida! Na sake ki! Na sake ki! Na sake ki!"

Gwaggo Saude ta saki ƙunshin kayanta ta rangaɗa guɗa.

"Allah na gode maka! Ka ji da kunnenka, Jibril! Yau asiri ya karye, bakin ubanka ya buɗe!"

"Ki ji tsoron Allah, Gwaggo," in ji Hanatu. "Bai san abin da shika hwaɗi ba. Shekaranjiya akuya ya saka, ita ma sau ukku."

"Ji ta hwa! Da akuya take haɗa ɗan'uwana! Ke kinka shanye shi, kinka hana shi aure, kinka maishe shi haka. To, igiya ta tsinke. Tattara naki ya naki!"

Hanatu ta dubi Jibril. Yaron da ta goya ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, amma a Gusau ya sha jin ana raɗa cewa ubansa na yawo ba hula yana gaida itatuwa, kunya kuwa ta ci shi ta cinye. Ya fi son a ce sammu ne, don sammu yana da makari. Tsufa kuwa ba wanda zai kai wa kuka.

"Inna," ya ce, "saki ukku ne, kuma gaban shaidu. Bai halatta ki sake taɓa shi ba. Ki tahi gida tukuna."

Ba ta yi musu ba. Tana ɗaure kayanta tana kuka tana magana: "Kokonai a yi shi da kauri, in ya yi ruwa shina sarƙe shi. A zaunar da shi kahin a ba shi. In ya kwanta a riƙa juya shi..."

"Mun ji, uwar iya!" Gwaggo ta katse ta. "Kahin a haihe ki muke jinya."

Da za ta fita ta waiwaya. Malam ya koma kan zaren rigarsa, bai ma ɗago ba. Wannan ya fi korar yi mata ciwo.

A Karakkai ba ta iya ci ba ta iya barci. Ba ɗakinta take tunani ba, ba kuma abin da mutane za su ce ba. Tsoronta ɗaya ne: kada Malam ya cika a hannun waɗanda ba su san ciwonsa ba, ita tana can nesa. Ran kasuwa ta taka har Bungudu wurin wani tsohon malami, ta zayyana masa komai. Ya girgiza kai.

"Ɗiyata, wanda hankalinai ya gushe ko salla ba a bin shi, balle saki. Aurenki na nan daram. Koma ɗakinki."

Ta wuce Furfuri da saurinta, ta tarar da gida a rufe. Maƙwabta suka ce ai an ɗora Malam a kan jaki an yi Tsafe da shi, wurin wani mai karya sammu. Tsoho irin wannan a kan jaki! Ta zauna a bakin zaure ta yi kuka mai isarta. Da ta koma Karakkai, yayanta ya rantse ba za ta bi mutanen da suka wulaƙanta ta ba, ya tsare ta har aka yanke gero. Da ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ta bi ayarin fatake a ƙasa, ta Gusau, har Tsafe.

Da hantsi ta shiga gidan Gwaggo Saude. Tun daga ƙofar ɗaki hayaƙin magani ya tare ta. A ciki Jibril ne ya tallabe kan ubansa, Gwaggo ta toshe masa hanci tana ɗura masa jiƙo da ludayi. Malam na tari mara ƙarfi, ruwan na fitowa ta gefen baki.

Hanatu ta tsaya tana kallon mijinta. Ya ƙare, sai ƙashi da fata. Idanunsa rabi a buɗe, ba sa bin kowa. Kwankwasonsa ya yi gyambo saboda kwanciya a gefe guda. Ta taɓa ƙafafunsa ta ji su sanyi ƙalau, sun yi duhu. Numfashinsa kuwa sai ya ɗauke har ka ce shi ke nan, can ya dawo da kakari.

"Wa ya ba ki izni? Sakakkiya! Ɗauke hannunki!" Gwaggo ta daka mata tsawa.

Hanatu ko kallonta ba ta yi ba. "Jibril, yaushe rabonai da magana?"

"An jima, Inna. Ya bar magana, ya bar zama, sai barci. Abinci in an sa mai sai shi tsaya cikin kumatu. Mai magani ya ce aljanin ne ke hana shi ci, a ɗura mai da ƙarhi."

"Ba aljani ba ne, ɗana. Yadda ya manta sunanka haka ya manta haɗiya. Abin da kuke ɗurawa ba ciki shika zuwa ba, ƙirji shika sauka. Ku bar shi hakanan. Malam tahiya shika yi."

"La'ilaha illallahu! Hwata take mai! Ka ji ko? Ta zo ta ƙarasa aikinta!" Gwaggo ta sake cika ludayi, ta danna.

Malam ya shaƙe. Ruwan ya ɓullo ta hanci, fuskarsa ta yi baƙi, yatsunsa suka hau karce tabarma. Jibril ya dubi ubansa, ya dubi ludayin, sai ya fizge shi ya yi jifa da shi waje.

"Ya isa, Gwaggo! Wallahi ya isa!" Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. "Inna, mi za mu yi?"

"Ba abin yi sai mu raka shi."

Ta yaye asabari iska ta shigo, ta fitar da kaskon hayaƙi. Ta goge masa fuska, suka juya shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla. Ta tsoma auduga a ruwa tana jiƙa masa leɓe a hankali, tana maimaita kalmar shahada kusa da kunnensa. Jibril ya fara karanta Yasin, ya kasa, ya sunkuya.

"Baba! Baba, ga Inna ta zo!"

Malam bai motsa ba.

"Bar shi," in ji Hanatu. "Ba don shi gane ni na zo ba."

Bai gane ta ba kuwa, har ƙarshe. Amma kakarin ya lafa, yatsunsa suka saki. Bayan la'asar ya ja numfashi, suka jira ya dawo, bai dawo ba. Hanatu ce ta rufe masa ido.

Da maza suka taru a zaure, liman ya tambaya ko mamacin ya bar iyali. Gwaggo ta ɗaga murya daga cikin gida, wai ya saki matarsa tun da ransa. Jibril ya miƙe tsaye.

"Ya bar mata ɗaya. Ga ta can ɗaki. Gobe zan maida ta Furfuri ta yi takaba cikin ɗakinta."

Bayan an dawo daga maƙabarta ya zo ya durƙusa a gabanta. "Inna, ki yahe min."

Ta dube shi. "Korata da ka yi na yahe, duniya da lahira. Amma kwanakin da kunka riƙe mai hanci shina shaƙewa, wannan ba nawa ba ne. Mai shi ya tahi."

Haka Hanatu ta samu abin da ta yi haƙuri dominsa, ta samu kuma a makare. Ku da ke da tsoho a gida, ku ji. In hankalinsa ya tafi, kada ku riƙe maganarsa ku yi makami da ita, kada kuma ku nemi wanda za ku ɗora wa laifi. In kun ga ya bar magana, ya bar haɗiya, ƙafa ta yi sanyi, to lokacin magani ya wuce, saura tausayi. Jibril ya riƙe Hanatu riƙon uwa har ta koma ga Allah. Amma har ya tsufa shi ma, bai sake iya kallon ana ɗura wa ko jariri ruwa ba, sai ya tashi ya bar wurin.