Tabarmin Fatu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don yayata Fatu ba ta son a tayar da zancen.

Shekarar da aka gina ɗakin taro na siminti a Roni, ɗakin ya riƙa amsa kuwwa, har mata ba sa jin malamar yaƙi da jahilci. Injiniya ya tafa hannu, ya auna daɗewar ƙarar, ya ce a lulluɓe bangon da tabarmi masu kauri, in ba haka ba a rufe ajin. Fatu masaƙiya ta karɓi aikin.

Bayan isha'i tana kafa tabarma ta farko, fitilarta ta dushe, sai ga wata tsohuwa tsaye a kusurwa.

"'Yar nan, sauke ta. Da me zan yi magana?"

"Iya, mu ma karatu muke so mu ji," in ji Fatu.

Maganar ta dawo mata sau uku, da muryarta sak. Amma daga bakin tsohuwar take fitowa.

Washegari da sassafe Fatu ta koma da tabarmi ashirin a ka. Da wannan kusurwar ta fara.