Layar da Ba Malami Ne Ya Rubuta Ba

"Takari su koma baya, kan kaya!"

Wani attajiri ne mai farin rawani ya faɗa, yana nuna mu da sandarsa, a cikin motar Jidda. Ina riƙe da hannun Baba, Malam Abdulganiyyu, zan kai shi wajen likitan ido. A unguwar Misfala aka haife ni, shekarata goma sha tara ina shan ruwan Makka, amma a bakin irinsa har gobe baƙi ne mu.

Baba ya fara laluben sandarsa zai tashi. Mun saba. Sai kawai direban ya kashe mota.

"Zauna, ya ammi," ya ce da Baba. Larabcinsa ba irin na Hijaz ba ne. "Wanda ya riga shiga shi ya riga zama."

"Kai ɗan gudun hijira ne za ka koya mana zama a garinmu?" in ji attajirin.

"Ni direba ne kawai. Na taɓa tuƙa motar da aka raba wa mutane kujeru, na kuma ga yadda ta ƙare. Ba zan sake ba."

Rana ta take, mota kamar tanda. Kafin a jima fasinjoji suka koma kan attajirin, ya zauna yana ƙunƙuni. Ni kuwa har muka isa Jidda ban ɗauke idona daga madubin direba ba. Sau uku muka haɗa ido ta cikin mayafina. Na ƙirga.

Sunansa Subhi, mutumin Haifa. Shekara uku ke nan da yaƙin Falasɗinu ya koro shi, shi da mahaifiyarsa.

Daga nan ya riƙa zuwa gaida Baba duk Juma'a da ƙullin dabino. Ya dage sai ya koyi Hausa.

"Baba, kin tashi lafiya?"

Yayana Rabi'u, wanda yake dukanci a zaurenmu, har sai da ya yar da basilla don dariya. Baba ya ce, "Lafiya lau na tashi, 'yar nan."

Inna ce ta fara ɗaga hanci. "Balarabe ba ya auren Batakara sai don ta yi masa wanki."

"Inna, duk Larabawan duniya kin gwada su?"

"Bakin nan naki, Ummulkhairi... karatun da ubanki ya ɗura miki ne."

Ranar da ya nemi aurena, an bar mu mun gaisa ta bayan labule.

"Ba ni da gida, ya ruhi," ya ce a hankali. "Gidana yana hannun wasu. Mota ce da ni, ita ma ba tawa ba."

"To kujerar gaba fa?"

"Taki ce har abada."

Aka sa rana bayan aikin Hajji. Saura wata guda abin ya ɓaci.

Subhi yana da wata 'yar laya da yake ratayawa a ƙarƙashin riga. Fatar ta tsufa, gumi ya cinye ta, sai ya ba Rabi'u ya sake mata sabuwa. Ƙa'idar baduku ita ce ya naɗe takarda yadda ya same ta, ba ya buɗewa. Amma takardar nan ba ta da zare, da ya farke fatar sai ta warware a cinyarsa.

Rabi'u ya shigo tsakar gida fuskarsa a murtuke.

"Inna, ba aya ba ce. Ba ma Larabci ba ne. Na nuna wa mai shagon agogo, ya ce rubutun Yahudawa ne."

Inna ta dafe ƙirji. "Na faɗa muku. Bayahude ne ya ɓad da kama ya shigo Harami."

"Inna, mutumin da yake sahu ɗaya da Baba..."

"Rufe min baki."

Kafin azahar maganar ta zaga Misfala. Wasu suka ce sihiri ne, wasu suka ce ɗan leƙen asiri ne. Rabi'u ya ce in ba a fasa auren ba shi da kansa zai kai takardar wajen hukuma. Na san abin da hakan yake nufi: a kori Subhi daga Makka, shi da tsohuwarsa, karo na biyu a rayuwarsu.

Na durƙusa gaban Baba ina kuka. "Baba, in ka ce in bar shi zan bar shi, wallahi. Amma kada a yanke masa hukunci a kan takardar da babu wanda ya karanta."

Baba ya ce a kirawo Subhi bayan la'asar.

Suka zauna a zaure, ni da Inna muna bayan labule. Idon Baba bai gama warkewa ba, don haka ya miƙo takardar ta ƙarƙashin labulen.

"Ummulkhairi, me kika gani?"

'Yar ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu ba. A baya rubutun hannu ne da fensir, wanda ban iya ba. Na juya ta. Gaban bugun inji ne, layi uku: na Turawa, na Yahudawa, sai na ƙasa da ya kusa gogewa. Na kai shi wajen haske.

"Baba, akwai Larabci. An rubuta... tikitin shiga mota. Haifa."

"Tikiti?" in ji Rabi'u.

"Har da hujin da ɗan kamasho yake yi."

Baba ya juya. "Subhi, wa yake ɗinke tikitin mota a fata?"

Subhi ya fara bayani. Ya ce shekara shida yana tuƙa bas a Haifa, daga kasuwa zuwa kan dutse. Larabawa da Yahudawa duk ita suke shiga. Da can faɗansu bai wuce na taga ba, wannan ya buɗe wancan ya rufe. Da rigima ta taso sai kowa ya koma ɓangare guda, hanya a tsakiya, ba mai kallon wani. Aka fara jifan motoci, aka sa wa tagogi raga. Daga jifa aka koma harbi. Ƙarshe kowa ya koma motar mutanensa.

"Sai tsohuwa ɗaya, Sitti Rahil. Bayahudiya ce, kullum da kwandon kifinta, kujerarta tana bayana. Ba ranar da ba ta zagi birkina ba. 'Yan uwanta suka ce za a kashe ta a motar Larabawa, namu suka ce in daina tsaya mata. Ta ce ita ƙafarta ta saba da matakalar motar nan."

Ya ci gaba.

"Ranar da gari ya faɗi, na ɗauko mahaifiyata za mu gudu. Muka tarar da Sitti Rahil a inda take jirana, da kwandonta, kamar ba a yin komai. Ta dube mu, ta ciro tsohon tikiti ta yi rubutu a bayansa. Ta ce in nuna wa masu bindiga a shinge."

"Me ta rubuta?" in ji Baba.

"Ban iya karantawa ba, amma ta faɗa min. 'Wannan direbana ne. Bai taɓa barina a titi ba. Ku bar shi ya wuce da uwarsa.' Sai sunanta da na ɗanta, wanda yake cikin masu bindigar."

"Ta yi aiki?"

"Shinge uku. A na ukun sun tofa min yawu, amma sun buɗe."

Rabi'u ya ce, "Amma ai mutanenta ne suka kore ku."

"Su ne. Su ne a gidanmu yanzu, suna cin lemon da ubana ya shuka. Ban manta ba, ban kuma yafe ba. Amma mahaifiyata tana nan unguwar Tandabawi tana shan shayi saboda matar nan. Ka faɗa min yadda zan yi da wannan, ya Rabi'u, don ni na kasa."

Na ji Inna tana jan hanci a gefena.

Baba ya karɓi tikitin, ya shafa shi da yatsa.

"Shekara arba'in ina rubuta wa mutane laya," ya ce. "Ban san ko akwai tawa da ta taɓa buɗe shinge ko ɗaya ba. Rabi'u, nemo jar fata mai kyau ka ɗinke masa. Wanda ya tambaye ka a unguwa, ka ce ni na sa."

Inna ta goge ido, ta ɗaga murya ta bayan labule. "A tambaye shi, tsohuwar tasa tana cin tuwo? Kada mu yi girkin biki ta zauna da yunwa."

A motar Subhi aka kai ni ɗakina. Takari, Falasɗinawa, har da mai shagon agogo, kowa ya zauna inda ya samu. Ni ce a gaba. Kujerar da take bayan direba kuwa ba wanda ya zauna, Subhi ya ɗora kwandon dabino a kai.

Mata sun sha gaya min bai kamata in riƙa ambaton Bayahudiya da alheri ba. Nakan ce da su ban san ta ba, ban san inda kabarinta yake ba. Abin da na sani, 'ya'ya bakwai na haifa da mutumin da ta tsallakar da fensir. Ta biyunsu sunanta Rahila, kuma tun tana ƙarama ba ta taɓa shiga motar ubanta ba ba tare da ta kushe birkinsa ba.