Waƙar Da Ba Ta Da Suna

"Mama, me ya sa Tonton Alkasim bai sa sunanki a album ɗinsa ba?"

Hannun Tahiratu ya tsaya cak a kan kitson da take yi wa 'yarta Hidaya.

"Ke, sunkuyar da kai!"

Amma tambayar ta zauna mata a ƙirji.

Alkasim, mai neman aurenta, ɗan Damagaram ne, da Faransanci yake waƙa, shi ya sa Hidaya ke ce masa Tonton, wato kawu. Ita kuwa 'yar zangon Kumasi ce, ko kalma ɗaya ba ta ji. Sai dai tun bayan rasuwar baban Hidaya, muryarsa ce kaɗai ke sa shagonta na kitso da ke titin Fordham Road ya yi mata kamar yana shawagi a cikin gajimare...

Zeinabou mai yi masa amshi ce ta zo ta "taimaka" da fassara.

"Ma chérie, waƙa ta farko sunanta Mariama, ta biyu Rakia, ta huɗu sunana ne. Ke fa?"

Wanta, Yaya Mahamudu, shi ma cewa ya yi, "Mawaƙi? Kowace mace tasa ce. Ki tuna marainiya kike riƙe da ita."

Ta tuna. Shi ya sa ranar Lahadi ta riƙo hannun yarinyar suka shiga jirgin ƙasa na layin D, zuwa ɗakin da yake ɗaukar waƙa a Harlem, da niyyar sallamarsa.

"Hasken idona..." in ji Alkasim da ya gan ta.

"Kada ka fara! 'Yata ta riga ta saba da kai. Ba zan bari ta sake rasa uba ba don ka samu abin rerawa."

Sai ya kunna waƙa ta tara.

Jita a hankali. Ƙarƙashinta ƙarar almakashi, dariyar yarinya, da wata mace tana cewa, "Ke, sunkuyar da kai."

Muryarta ce!

"Wannan ba ta da suna," ya faɗa yana kallon ƙasa. "Na gwada... bakina ya ƙi."

Hidaya ta ja mata mayafi.

"Kamar ke, Mama! You never say my name, ba kya faɗar sunana. Kullum 'ke', kullum 'yarinyar nan'. Kin ce don ni ce ta fari."

Tahiratu ta rufe baki, hawaye na bin yatsunta.

Kunya ce. Irin tata.

Ta share ido, ta gyara mayafi.

"Na ji. Amma muryar 'yata ba za ta fita duniya ba sai ka je gaban Yaya Mahamudu."

"Yau?"

"Da manyanka. Da goro."

Sau uku ya je kafin Yaya ya sauko. Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura, sannan album ya fito, ta tara har yau ba suna.

Ke mai karatu, kada ki bari wadda ke son abin da kike so ta zama mai yi miki fassara. Kuma komai daɗin muryarsa, in da ɗa a hannunki, kada ki buɗe ƙofa sai ya biyo ta wajen manya.