Tarwaɗa Mai Yankakkiyar Jela

Insfekta Attahiru bai kai ga kurɓar kokonsa ba aka kira shi a waya. An tsinci gawa a bakin Tafkin Maje, bayan Bunguɗu.

"'Yan daji ne, yallaɓai," in ji mai kiran.

A Zamfara ta yau ko akuya ce ta ɓata sai a ce 'yan daji ne, kuma sau da yawa ba a yi ƙarya ba.

Kofur Anas, direbansa, ya tsaya da mota a bakin titi saboda hanyar tafkin ba ta biyuwa. Insfekta ya ƙarasa da ƙafa, yana tafe yana waiwaye.

Gawar wani saurayi ce, Dalhatu, ɗalibin jami'a daga Gusau mai binciken kifi. An buge shi a ƙeya da abu mai nauyi. Babur ɗinsa na jingine a gindin maje, wayarsa na cikin aljihu. 'Yan daji kuwa ba sa barin babur.

Insfekta ya saba ganin gawa. Shirun tafkin ne ya tayar masa da tsigar jiki. Ko kukan kwaɗo babu. Ƙananan kifaye sun taso saman ruwa ciki sama, ga balbela mushe a cikin laka, ga warin maganin feshin gona ya cika wurin. Manyan kifi ko ɗaya bai gani ba. Wani ya zuba guba ya kwashe su, kuma a yanzu haka suna kan hanyar shiga tukunyar wani.

Sarkin Ruwa, tsohon da ke riƙe da tafkin, yana tsugune a gefe ya haɗa kai da gwiwa.

"Baba, wa ke shiga ruwan nan?"

"Ba kowa, yallaɓai. Mun ɗaure tabki sai ranar su, kamun kihin da gari duka ka shiga. Yaron ga kaɗai munka yarda ma, don shi in ya kama saki shikai."

"Daren jiya me ka ji?"

"Ban ji komi ba. Mutanen daji na."

"Mutanen daji da mota?" Insfekta ya nuna sawun taya a cikin laka. "Baba, kifin nan mutane za su ci. Wataƙila har da jikokinka."

Tsohon ya ɗago kai.

"A-kori-kura ta," ya ce a hankali. "Da asuba na ga ta hita. Ta Shu'aibu mai banda ta, na Tsafe. Tsoro ni ji, yallaɓai. Kar ka ce ni hwaɗi."

Rana ta kusa tsaka lokacin da suka isa Tsafe. Shu'aibu ƙato ne mai fara'a, irin mutanen da ke gaishe ka tun kana nesa. Gangunan bandarsa na daga bayan gidan, babu kifi a kansu, amma da Insfekta ya dafa ɗaya sai da ya janye hannu don zafi.

"Ka yi banda yau ke nan."

"Ɗan sauran kihin Yawuri na, yallaɓai, ya ƙare. Ni duk kayana daga Yawuri a ka kawo min."

"Motarka fa, ina ta kwana?"

"Nan ƙohwar gida."

"Ka san Tafkin Maje?"

"Sai dai labari."

An wanke motar tas, har da tayoyinta. Insfekta ya leƙa rumfa, ya leƙa shago, bai ga kwando ko ɗaya ba. Ɗakin da bai shiga ba shi ne na mahaifiyar Shu'aibu, Inna Fatima, don ba a kutsa wa tsohuwa ɗaki ba dalili. Sawun taya kaɗai ba ya ɗaure mutum a kotu, kuma Shu'aibu ya san da haka, shi ya sa ya rako shi har waje yana murmushi.

Da suka koma Gusau, Kofur ya sauke shi a jami'a, ya ce zai je ya sha mai.

Dakta Hussaina, malamar Dalhatu, ta yi kuka har idanunta sun kumbura. Duk da haka ta karɓi gorar ruwan tafkin da ya kawo mata, ta shinshina, ta kau da kai.

"Maganin ƙwari ne mai ƙarfi. Banda ba ta kashe shi, dafuwa ba ta kashe shi. Babba zai sha wuya. Ƙaramin yaro kuwa..."

"Me Dalhatu ke nema a wurin?"

"Tarwaɗar tafkin ta bambanta da sauran. Ruwa kan janye ya zama laka, ita kuma ta rayu har damina. Muna son mu gano abin da ta gada a ƙwayoyin halittarta da ke ba ta wannan juriya." Ta buɗe firji, ta nuna masa 'yan kwalabe a jere. "In ya kama kifi, sai ya sa almakashi ya yanki ɗan ƙurya a saman jelar, ya sa a kwalba, ya mayar da kifin ruwa. Tun farkon rani yake yi. Yawancin manyan tafkin suna da wannan yankan."

"Ko an banda su za a gani?"

"Za a gani."

Insfekta ya buga tebur. "Kifi ɗaya kawai nake so daga hannun Shu'aibu!"

"Ai akwai, oga," in ji Kofur, wanda ya dawo yana tsaye a bakin ƙofa. "Lokacin da kake duba gangunan banda, tsohuwarsa ta fito da ƙunshi, ta ce baƙo ba ya fita gidanta hannu rabbana. Na ji an ce na Yawuri ne, sai na biya gidanka a Tudun Wada na miƙa wa madam."

Zainab, 'yar Insfekta, ba ta shiga makaranta ba tukuna, kuma duk ranar da kifi ya shigo gidan, ita ke da jela.

Ya kira matarsa Hajara. Wayar ta yi ta ringi. Ya sake kira. Hajara in tana girki, waya na ɗaki.

Bai san yadda suka keta garin ba. Kofur na danna oda yana salati, Dakta na baya tana riƙe da kujera, shi kuwa ba abin da ke fita bakinsa sai "Ya Allah, ya Allah."

Tun daga zaure ya ji ƙanshin miya. Ya faɗa cikin gida ba sallama. Zainab na zaune a kan tabarma, bakinta ya yi maiƙo, tana tsotsar jelar tarwaɗa.

Ya fizge jelar daga hannunta da ƙarfin da bai taɓa taɓa yarinyar da shi ba. Ta fashe da kuka. A saman jelar akwai ɗan yanka mai tsafta, aikin almakashi.

"Nawa ta ci?"

"Yanzu na ba ta," in ji Hajara, muciya a hannu. "Lafiya? Me ya faru?"

Dakta ta riga ta saɓi yarinyar ta yi mota da ita. Insfekta ya kai su asibiti, ya tsaya har aka shiga da ita. Zuciyarsa ta so ya zauna. Amma akwai sauran kwanduna, kuma akwai 'ya'yan wasu.

La'asar sakaliya ya sake sallama a gidan Shu'aibu, da 'yan sanda biyu a bayansa. Ya zauna a tabarma, ya kwance ƙunshin kifin da ya ɗauko daga gidansa, ya tura gaban Shu'aibu.

"Bismillah. Kifin Yawuri ne. Ci."

Fara'ar Shu'aibu ta gushe. "Na ƙoshi, yallaɓai."

"Ɗan gutsuri kawai. Ga jela, dubi yadda aka gyara ta. Su waye ke yi wa kifi kaciya a Yawuri?"

"Ban san ina ka samo wanga ba."

"Ni na ba shi," in ji Inna Fatima daga ƙofar ɗakinta. "Cikin kwandunan da ka turo ƙarƙashin gadona. Mi an na rowa, ɗan nan? Har na sa ma ɗiyanka cikin miya, ga su can za su ci."

Shu'aibu ya yi wata ƙara da ba ta yi kama da ta mutum ba. Ya tsallake tabarma, ya afka tsakar gida, ya yi fatali da akushin da yaransa suka kewaye.

"Kar ku ci! Guba ta! Wa ya kai baki? Wa?"

Ba wanda ya kai. Yaran suka tsaya da hannu a sama, suna kallon ubansu durƙushe a cikin miya.

A nan ya faɗi sauran. Ya ji labarin tafkin da aka ɗaure ya tara manyan kifi, ya je ya zuba magani. Dalhatu ya iso da asuba duba komarsa, ya gan shi, ya ce sai ya gaya wa Sarkin Ruwa. Da Dalhatu ya juya baya, sai Shu'aibu ya ɗauki ƙarfen taya.

"Ina za ka kai kwandunan?"

"Kasuwa, gobe."

"'Ya'yan wa za su ci?"

Aka sa wa Shu'aibu ankwa, aka fito da kwandunan ɗaya bayan ɗaya. Inna Fatima ta zame a jikin bango tana kiran sunansa.

Suna sa shi a mota wayar Insfekta ta yi ƙara. Hajara ce. Ya daɗe yana kallon sunan kafin ya iya ɗauka.

"Ta yi amai, an sa mata ruwa," in ji ta. "Likita ya ce an yi gaggawa. Ta farka, amma ta ce ba ta shiri da kai, wai ka ƙwace mata jelarta."

Insfekta Attahiru ya juya wa 'yan sandansa baya, ya dafa motar, ya goge ido da hularsa.

"Kofur," ya ce, "ja mu tafi."