Sitiyari Mai Neman Ruwa

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Agusta, gari ya waye da yayyafi da sanyi mai ratsa ƙashi. A ranar Malama ta mayar da motarta gareji karo na uku.

Motar mijinta ce, marigayi. Tun da ya rasu yayansa yake aiko saƙo a kai masa makulli, wai mace mai shekarunta ba ta da abin yi da tuƙi. Ita kuwa da motar take zuwa makarantar da take koyarwa, da ita take kai mahaifiyarta asibiti. Ta san ko ƙwarzane ɗaya ya gani a jikinta, ya samu hujja.

Ga shi tun da aka canja ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, motar ta ɗauki wani hali. Hanya a miƙe, sitiyari yana kallon dama.

Bakaniken ya yini a kai. Ya zagaye tayoyin huɗu da zare, ya auna, ya kwance, ya ɗaure. Rana ta yi ja kafin ya miƙe yana goge hannu.

"Hajiya, zare ba ya ƙarya. Ƙafar motar nan daidai take."

"To ni ce a karkace ke nan?"

"Ni dai ban faɗa ba."

"Shiga mu gwada. In ta janye, kai za ka tura ta har gida."

Ya buɗe ƙofar gaba, ya tsaya yana kallon kujerar. Sai ya mayar ya rufe, ya shiga baya.

"Au, ka zama mai gida, ni direbarka?"

"Nan ya fi iska," ya ce, bai yi dariya ba.

Suka ɗauki tsohuwar hanyar bayan gari inda ake gwada motoci. Babu kowa. Sai ƙarar taya a jiƙaƙƙiyar kwalta da kukan kwaɗi. Can gaba, ta hannun dama, akwai wani tsohon rami da aka daina haƙar dutse, ruwa ya cika shi.

Sitiyarin ya fara ja.

Ta dawo da shi. Ya sake ja, ya fi na ɗazu ƙarfi.

Wani wari ya cika motar, warin laka da ruɓaɓɓen gansakuka. Gilashi ya yi gumi daga ciki. Kujerar da ke kusa da ita ta yi ƙara, ta lotsa a hankali, kamar wani ƙato ya gyara zama.

"Hajiya," muryar bakaniken ta koma raɗa. "Ƙarfen nan da na sa miki, ba sabo ba ne."

"Ina ka samo shi?"

"Jikin wata mota. Daga ramin can aka jawo ta bara. Ba a ga direban ba."

Ta taka birki. Ya tafi ƙasa kamar ta taka taɓo.

Ruwa ya fara ɗiga daga sitiyarin, yana bin tsintsiyar hannunta. Sai wasu yatsu masu sanyi suka sauka a kan nata, dogaye, masu santsi. Ba ta ga komai ba. Ji kawai take yi.

Wata murya ta ce a kunnenta, a hankali, "Sake."

Tayoyin dama suka bar kwalta. Ciyawa ta fara dukan ƙasan motar. Ramin ya taso gabansu, baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi.

Bakaniken yana jan addu'a, rabi yana fita, rabi yana maƙalewa.

"Sake."

"Ba zan sake ba," ta ce ta cikin haƙora. "Mutum mai rai ma bai karɓe ta ba, bare kai."

Ta rungume sitiyarin da ƙirjinta. Ta zuba nauyinta duka hagu. Kafaɗarta ta yi ƙas.

"Ja birkin hannu."

Bai motsa ba.

"Na ce ja, ragon banza."

Ya miƙo hannu ta tsakanin kujerun, ya finciko shi.

Motar ta yi juyi, ta tsaya. Fitilarta na haska ruwan, taku uku tsakani.



Malama ta fito. Ta buɗe but ɗin bayan motar, ta jefo masa akwatin sifana.

"Kwance ƙarfen nan."

"Yanzu? A nan?"

"Yanzu. Kayan mutane ka ɗauko."

Ya kwanta cikin laka ya kwance ƙarfen. Ita ta karɓa da hannunta, ta je har bakin ramin.

"Ga naka. Sauran nawa ne."

Ta wurga. Ba su ji faɗuwarsa ba. A bayanta, kujerar gaban motar ta yi ƙara ta ɗago, ƙofar gaba ta buɗe, ta rufe kanta.

Washegari aka jawo motar, aka sa sabon ƙarfe. Sitiyari ya miƙe sak. Bakaniken bai ƙara sayen kayan motar haɗari ba, ko kyauta aka ba shi. Shatin yatsu huɗu kuwa yana nan a bayan hannun Malama, yana yi mata sanyi duk ranar da hadari ya haɗu.

Da kafaɗarta ta warke har ta iya riƙe biro, ta zauna ta rubuta wa yayan mijinta layi uku. Ta gaishe shi da iyali, ta yi masa godiya, ta ce makulli yana hannunta kuma nan zai zauna. Ta tuƙa motar da kanta zuwa gidan waya, ta manna kan sarki, ta jefa wasiƙar a akwati.